Tukunyar da Ta Riga Mu Tarewa

Litinin, 14 Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ranar Asabar muka buga hatimi, wanda shi ne sa hannu a nan, a takardar sayen gida. Ɗaki biyu da falo, hawa na huɗu, tagar tana kallon tashar jiragen ruwa. Da muka je gani Umma ta tsaya a tagar nan har Goggo Bong dillaliya ta fara duba agogo. Shekara huɗu ke nan muna ɗakin ƙarƙashin ƙasa, abin da tagarmu ke nuna mana ƙafafun mutane ne da tayoyin mota da karnuka masu ɗaga ƙafa.

Kafin alƙalamin duk gumin Umma ne na wankin kwanuka a shagon miyar ƙashi. Sauran kuɗin sai banki, ranar 8 ga Nuwamba. Idan ba mu cika ba a ranar, abin da muka bayar ya tafi. Na karanta wannan layin da ƙarfi a gaban kowa. Goggo Bong ta ce, Maman Hak-su, ɗan nan naki da bai bar makaranta ba da yanzu shi ke ɗaure mutane. Na ce har yanzu da sauran lokaci, Goggo, ki dinga gaishe ni.

Ranar tunawa da rasuwar Abba 12 ga Nuwamba ce bana. Bara, da muka jera masa abinci a ɗan teburin nan, Umma ta durƙusa ta ce masa baɗi ba zai sake saukowa rami ya ci abinci ba. Ni kaɗai na ji. Ita ba ta san na ji ba.

Laraba, 16 Oktoba, bayan la'asar

Manyan bankunan duk sun ƙi. Murmushi iri ɗaya, ruwan sanyi iri ɗaya a kofin takarda. Wai mai kai abinci a babur ba shi da tsayayyen albashi. Na ce wa wani yaro mai sabon taye, ai ni na kawo maka taliya shekaranjiya a cikin ruwan sama, lokacin ba ka ce aikina ba tsayayye ba ne, cewa ka yi na makara. Ya kira na gaba.

Goggo Bong ta ce kada in tayar da hankalina, akwai wani ƙaramin banki da ba ya wulaƙanta irinmu. Na tambayi sunansa ta ce bari ta fara yi musu magana.

Juma'a, 18 Oktoba, tsakar rana

Bankin bakin kasuwar kifi ne.

Na zauna a kan babur a bakin titi har miyar wani ta huce. Shi ne fa. Wanda ya manna jajayen takardu a firijinmu da talabijin da kabad ɗin kakata. Wanda ya kai gidanmu kotu aka yi gwanjonsa kamar tsohuwar mota. Kuma wanda ya amince da takardata, in ji Goggo, da hannunsa, Manaja Seok ne.

Bari in rubuta yadda abin yake, don ni kaina wani lokaci sai in ji kamar mafarki na yi. Seok ƙanen Abba ne a soja. Yaya yake ce masa, Umma kuwa matar Yaya. Ni Kawu nake ce masa, yana ɗora ni a wuya a bakin teku. Da Abba ya nemi rancen gyaran shagonsa, Seok ya ce Yaya kada ka rufe shago kana zarya, aiko min da hatiminka da takardar shaidarsa in ƙarasa maka komai. Abba ya aika. Wa yake hana ƙanensa hatimi? Bayan shekara biyu sai ga jan tambarin Abba a kan takardun da bai taɓa gani ba, wai ya tsaya wa wani kamfani da babu wanda ya san ƙofarsa. Seok ya rubuta wa hukumar da ke sa ido kan bankuna cewa shi bai taɓa riƙe hatimin Abba ba, bai ma taɓa ganinsa ba.

Umma ce ta kai masa. A cikin 'yar jakar shuɗin yadi da ta ɗinka da kanta, a cikinta kuma ya mayar da shi daga baya. A duk gidajen da muka haɗu muka kai ƙara, ita kaɗai ce ta miƙa masa hannu da hannu, sauran duk ta yaransa suka bi. Shi ya sa sunanta ne a saman takardar ƙarar.

Na gaya mata da na dawo. Tana yanka kabeji, ba ta ɗago ba. Ta ce banki banki ne, a bari.

Kullum a bari.

Asabar, 19 Oktoba, safe

Na sake zagaya wasu bankunan. Babu.

Talata, 22 Oktoba, ƙarfe goma na safe

Yau ashirin ga watan sama, iskar nan, aljanar da ke bin masu ƙaura, tana hutu. Takwas ga Nuwamba kuwa tana bakin aiki, in ji kalandar Umma. Don haka tun asuba ta wanke tukunyar dafa shinkafa, ta cika ta da ɗanyar shinkafa sabuwa, ta ɗaure ta a mayafi. Idan tukunya ta shiga a rana mai kyau, an tare ke nan, masu gida su biyo baya duk ranar da suka ga dama.

Na ce Umma, iskar da za a yaudara da tukunya ai ba iska ba ce, ma'aikacin banki ce, takarda kawai take dubawa. Ta ce in rufe bakina in ɗauka.

Gidan babu kowa, mai shi ya riga ya kwashe. Goggo Bong ta ba mu lambar ƙofa. Umma ta hana ni shiga sai da ta wuce da tukunyar a gaba, ta ajiye ta a tsakiyar babban ɗaki, ta watsa jan wake da gishiri a kusurwoyi. Sannan ta auna bangon arewa da tafin hannu. Ban tambaya ba. Na san teburin Abba take aunawa.

Yanzu a ɗakinmu a ƙaramar tukunyar gas muke dafa shinkafa. Tana kamawa. Umma ta ce ta 'yan kwanaki ce.

Alhamis, 24 Oktoba, magariba

An kawo kwalin fiya, manya-manya, kowace a naɗe cikin raga kamar jaririya. Babu wasiƙa, sai katin Seok. Ba mu taɓa ba shi adireshin nan ba. Sai na tuna ni na rubuta shi da hannuna a takardar neman rance, tare da lambar wayata da wurin aikin Umma.

Na ɗauki kwalin zan kai bola. Umma ta ce abinci bai yi laifi ba. Ta tura shi ƙarƙashin kantar girki. Ba wanda ya buɗe. Ɗakin duk ƙamshinsa.

Asabar, 26 Oktoba, tsakar rana

Na bi ta gaban bankin. Tsoho Ma yana nan inda yake kullum, allon zanga-zangarsa rataye a wuya, shi kaɗai, don mutum ɗaya ba ya buƙatar izinin 'yan sanda. Shi ne ya tara mu tun farko. Gidansa da shagon wankinsa duk sun tafi a wata guda.

Ya ce min gidaje suna ta janyewa. Mai gyaran taya ya janye, gwauruwar nan mai sayar da gishiri ta janye. Kowa sai ya kira shi a waya yana kame-kame, wai lafiya, wai 'ya'ya sun hana. Daga baya sai a ji an sassauta masa wani abu. Na zazzage su tas, na ce ragwaye, masu sayar da kabarin iyayensu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, yaro, bakinka ya fi babur ɗinka gudu. Ya ce duk su tafi, in dai Mamanka tana nan ƙarar tana nan.

Ban gaya masa zancen gidan ba. Na saya masa madarar waken suya mai zafi na gudu.

Litinin, 28 Oktoba, ƙarfe huɗu

Seok ya kira ni. Ba a ofis ba, a wani shagon shayi bayan tashar jirgin ƙasa. Ya tsufa, ya rina gashi. Ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, Hak-su, ka zama Yaya sak. Na ce a'a, ni ina karanta takarda kafin in buga.

Duk hanya na tsara abin da zan faɗa masa. Na haddace sassan doka daga littattafan da na tsinto a layin masu tsofaffin littattafai, na jera su a kaina kamar harsasai. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar malami mai jin daɗin ɗalibi. Sannan ya ce shi ma zuciyarsa ba ta huta ba tun abin da ya faru, shi ya sa ya tsaya min. Amma na sama da shi ba za su saki kuɗi ga gidan da ke ƙarar su ba. Takarda ɗaya ce ta janye ƙara, layi biyu. Ni in buga, matar Yaya ta buga.

"Kotu ba ta dawo da mutum, Hak-su. Gida kuwa ga shi nan. Ka fitar da mahaifiyarka daga ramin nan."

Na ce kada ya sake sa ta a bakinsa. Ya ce to. Ya biya kuɗin shayin. Da zai fita ya juyo ya ce ya ji tukunya ta riga ta shiga, madalla, rana mai kyau aka zaɓa.

Wa ya gaya masa?

Talata, 29 Oktoba, safe

Ban faɗa wa Umma ba.

Alhamis, 31 Oktoba, bayan la'asar

Yau ma rana ce mai kyau, garin duk motocin ƙaura, tsani a kowace taga. Tun safe taliyar baƙar miya nake kaiwa. Ko'ina abu ɗaya: an shimfiɗa jarida a ƙasa, kwalaye a jibge, yara suna tsalle a ɗakin da babu komai, uba yana neman almakashi. Wata mata ta ce in shigo in ci loma ɗaya don albarka. Na ce ina sauri.

Wani saƙo ya kai ni unguwarmu ta da. Na zagaya ta bayan makaranta don kada in bi layin. Duk da haka na hango rufin. Sun canza fenti.

Da na dawo na tarar Umma ta sauko da ledar nan daga saman kabad, wadda 'yan sanda suka kawo, tana goge takalman Abba da ke ciki. Duk shekara sai ta goge su idan ranar ta matso. Har yanzu akwai farin gishirin teku a bakin ɗinkin, ba ya fita. Na koma waje na zauna a matakala.

Asabar, 2 Nuwamba, ƙarfe uku

Na je gidan ni kaɗai. Rana ta shigo har tsakiyar ɗaki, ta kwanta a kan tukunyar. Na buɗe murfin na tusa hannu a cikin shinkafar, da ɗumi. Na kwanta a ƙasa. Babu warin danshi, babu ƙarar bututun bayan gidan mutanen sama. Na ji jirgin ruwa yana kuka daga nesa.

Na yi ta kawo wa kaina hujja. Ƙarar ta shekara uku ba ta motsa ba. Hukumar wasiƙa kawai take aikowa, ana dubawa, ana dubawa. Gwiwar Umma ta fara kumbura. Tsoho Ma ba shi da abin da zai rasa, mu muna da shi. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya ce dole ɗan mai shagon ƙarfe ne zai gyara duniya.

Na iya magana. Har kaina na iya rufe wa baki.

Litinin, 4 Nuwamba, tsakar rana

Tsoho Ma ba ya wurinsa. An ajiye manyan tukwanen furanni a daidai inda yake tsayawa. Mai gadin ya ce bai san kowane tsoho ba. Wayarsa tana shiga ba a ɗauka.

Talata, 5 Nuwamba, magariba

'Yarsa ta ɗauka. Yana asibiti. Ta ce faɗuwa ya yi. Na ce a ina, ta ce faɗuwa dai ya yi, ta kashe.

Wayar Umma ta yi ƙara sau biyu muna cin abinci. In ta ɗauka sai shiru.

Laraba, 6 Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na gaya wa Umma sharaɗin Seok. Na yi dogon bayani, na kawo gwiwarta, na kawo damina, na kawo kuɗinta da za su tafi. Har alkawarin da ta yi wa Abba na kawo, abin da bai kamata in nuna na ji ba. Ni da na shekara huɗu ina zagin duk wanda ya ce a bari, yau ni ne nake cewa a bari, kuma na fi ta iya faɗa.

Ta kankare ƙanzon tukunya ta zuba masa ruwan zafi ta miƙo min. Ta ce, Seok da kansa zai zo? Na ce e, ofishin Goggo Bong, jibi da safe. Ta ce to.

To kawai. Da ta zage ni da na fi samun barci.

Alhamis, 7 Nuwamba, safe

Na karɓo takardar shaidar hatimina a ofishin unguwa. Hannuna yana wari kamar na taɓa wani abu.

Juma'a, 8 Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta a jere, kada in tsallake.

Mu biyar ne a ofishin: ni, Umma, Goggo Bong, mai gidan da ya zo da makullin akwatin wasiƙa a aljihu, da Seok. Ya sunkuya wa Umma har ƙasa. Ta sa rigarta mai ruwan toka ta zuwa biki. Ya ce matar Yaya, kin rame. Ta ce kai kuwa ka yi kyau.

Ya fito da takardu. Ta janye ƙara ya ɗora a sama, sauran a ƙarƙashi, ya dafe su da gwiwar hannu. Goggo Bong ta turo kwanon jan tawada tana ta surutu a kan yadda rana ta yi kyau. Na ciro hatimina, na cire murfi, na danna shi a tawada. Na ɗaga hannu. Ina rubuta wannan don kada wata rana in gaya wa kaina wani labari daban: na ɗaga hannu, kuma bugawa zan yi.

Sai Umma ta buɗe jakarta ta fito da 'yar jakar shuɗin yadi. Ban san tana nan ba, na ɗauka an ƙone ta da kayan Abba. Ta tura ta kan tebur da hannu biyu har gaban Seok, bakinta a ɗaure.

"Ƙanen miji, ga shi. Kada mu wahalar da kai da jira. Ka ƙarasa mana komai."

Ya ja kujerarsa baya. Ya ce, "Matar Yaya, mayar da wannan. Na Yaya ne, ba ya aiki yanzu. Naki ake so."

Babu wanda ya buɗe jakar. Igiyarta tana ɗaure.

Umma ta ce, "Ashe ka san ta."

Goggo Bong ta daina magana. Mutumin da ya rubuta wa hukuma bai taɓa ganin hatimin ba, ga shi ya gane jakarsa. Mai gidan ya dubi wannan ya dubi wancan ya ce shi fa kuɗinsa ya zo karɓa. Seok ya fara cewa ai ya yi zato ne, ai kowa zai yi zato. Umma ba ta ƙara kallonsa ba. Ta zaro takardar goge hannu, ta kama wuyan hannuna da ke sama har lokacin, ta sauke shi, ta karɓi hatimina ta goge jan tas, ta rufe, ta sa min a aljihu kamar yadda take sa min kuɗin mota ina firamare.

Seok ya tattara takardunsa, duka, har na ƙarƙashin. A bakin ƙofa ya ce min, a hankali, in kula da hanya, babur ba shi da bango.

Ni mai baki, ban ce komai ba tun daga farko har ƙarshe.

Asabar, 9 Nuwamba, safe

Kuɗin sun tafi. Umma ta tafi aiki ƙarfe shida kamar kullum.

Litinin, 11 Nuwamba, ƙarfe biyu

Goggo Bong ta kira ta ce in zo in ɗauke tukunyarmu, akwai masu zuwa gani da yamma. Ta raka ni har sama tana haki. Na tambaye ta ko ta ji abin da Seok ya faɗa. Ta ce ita dillaliya ce, da bankin nan take cin abinci, ba ta ji komai ba. Muna saukowa, a hawa na biyu, ta tsaya ta dafa bango ta ce, amma in aka sa ni rantsuwa, ɗan nan, ba zan iya cewa kunnena ya toshe ba. Kada ka kira ni. Su kira ni.

Na san abin da littattafai suka ce. Magana ce ta baki, lauya zai iya murɗe ta kafin shayi ya huce. Wataƙila ba ta kai ko'ina ba.

Ban ɗora tukunyar a babur ba. Na shiga bas da ita a cinya, a ɗaure cikin mayafin. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, a'a, sabon gida? Barka. Na ce na gode.

Talata, 12 Nuwamba, bayan magariba

Da shinkafar cikin tukunyar ta dafa wa Abba. Na ce ko a sayo wata, wannan ta kwana a gidan mutane. Ta ce a gidanmu ta kwana.

Mun ja katifa gefe muka sa teburin a bangon arewa, ƙarƙashin taga. Kifi, miya, soyayyen ƙwai da ganye, giyar shinkafa. Wurin fiya ta sa wadda ta sayo a kasuwa da kanta, ƙanana, masu tabo. Kwalin Seok tun safe ta ce in fitar da shi, ya fara ruɓa.

Na buɗe ƙofa na bar ta a buɗe don ya shigo. Sanyi ya gangaro ta matakala. Na kunna turare, na zuba giya, na durƙusa sau biyu, na kafa cokali a cikin shinkafar. Wayarta ta fara ƙara a kan kantar girki. Wasu ƙafafu sun tsaya a tagarmu, baƙin takalma masu sheƙi, suka daɗe, ko mai jiran mota ne, ban sani ba. Ba mu ɗauki wayar ba.

Umma ta ajiye 'yar jakar shuɗin yadi kusa da kwanonsa. Ta gyara zama a kan gwiwar da ke ciwo. Wannan karon ba ta rage murya ba.

"Baban Hak-su, na ce ba za ka sake saukowa ba. Yi haƙuri, sauko. Ka kula da matakalar ƙarshe, har yanzu ba a gyara ta ba. Hatiminka yana wurina. Ban ba kowa ba."